Shin Ban Ruwa na Ɗigo Zai Mayar da Rairayin Yusufari Lambu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, amma asalina arewacin Yobe ne, wajen Yusufari, inda muka gaji fili kimanin hekta biyar wanda yawancinsa rairayi ne. Ina ganin hotunan gonakin da ake yi a tsakiyar hamada a Isra'ila da Saudiyya, ga shi kuma an kawo mini lissafin haƙa rijiyar burtsatse da kafa sola da shimfiɗa tiyon ɗigo. Shin binciken masana ya tabbatar da cewa hakan zai yiwu a wurinmu, kuma ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin yana yiwuwa, kuma bincike ya tabbatar da shi tun kimanin shekaru sittin da suka wuce, sai dai ba da hekta biyar za ka fara ba, kuma tiyo shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka fitar da kuɗi ka saya. Abin da ke riƙe da gonakin da kake gani a hoto lissafin ruwa ne, wato sanin yawan ruwan da ake da shi, da abin da ke narke a cikinsa, da yawan da shuka ke sha a kowace rana, da kuma ko akwai abin da ke mayar da wanda aka ɗiba daga ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya kawo maka lissafin kayan aiki bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin shi sayarwa ce sana'arsa.

Ban ruwa na ɗigo irin na zamani ya samo asali ne daga aikin wani injiniyan ruwa mai suna Simcha Blass, wanda a 1965 ya haɗa hannu da manoman ƙauyen Hatzerim da ke hamadar Negev a Isra'ila suka kafa kamfanin Netafim. Abin da ya sa dabarar ta karɓu a can shi ne ƙasarsu ba ta riƙe ruwa, ruwan nasu kuma yana da gishiri-gishiri, sai aka gano cewa idan ana ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan a gindin shuka kullum, jijiyarta ba ta taɓa bushewa, gishirin kuma yana turuwa gefe. Amma hoton ba ya nuna maka abin da ke bayan tiyon. Tun 1964 Isra'ila ta kammala babban bututun da ke ɗauko ruwa daga tafkin Tabariyya a arewa zuwa kudu, a yau kuma tana tace fiye da kashi 80 cikin ɗari na ruwan dattin biranenta ta mayar da shi gona, ban da ruwan teku da take cire wa gishiri. Ita kuwa Saudiyya darasinta daban ne. Ta yi noman alkama da ruwan da ya taru a ƙarƙashin hamada tun dubban shekaru, wanda ruwan sama na yanzu ba ya mayar da shi, har ta kai ga sayar da alkama a ƙasashen waje, sannan a 2008 gwamnati ta fara janye hannu daga sayen alkamar gida, ta rufe shirin a 2016 saboda ruwan yana ta yin ƙasa. Koren da'irorin nan da ke burge mutane daga sama, da yawansu ajiya aka ci, ba riba ba.

To, mu zo kan lissafin, domin nan ne maganar take. Ana auna ruwan da gona ke sha da milimita, kamar yadda ake auna ruwan sama, kuma milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Akwai tsarin lissafi da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1998, wanda ke haɗa zafin rana da ƙarfin iska da bushewarta ya ba ka abin da shuka za ta sha, kuma da shi muke koyar da ɗalibai a nan Samaru. A wuri irin Yusufari, idan tumatir ya rufe ƙasa yana fure yana 'ya'ya a lokacin da hunturu ya ja baya zafi ya shigo, ka ƙiyasta masa milimita 7 a rana, wato lita 70,000 a kowace hekta. Wannan shi ne abin da shukar kanta da ƙasar da ke gindinta za su tura sama, ban da wanda zai ɓace a hanya. Ɗigon da aka shimfiɗa daidai yana isar da kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan ga jijiya, saboda haka za ka buƙaci kimanin lita 78,000, shi kuwa ban ruwa na kwarara a fangali ana ƙiyasta masa kashi 60 ne a ƙasa mai kyau, wato kusan lita 117,000, a rairayi kuma abin ya fi haka muni domin ruwan yana nutsewa tun bai kai ƙarshen kwari ba.

Yanzu ka ɗora wannan a kan famfon sola. Sa'o'in da famfon ke aiki da cikakken ƙarfinsa ba su wuce shida a yini ba, don haka kafin ka shayar da hekta ɗaya tak sai rijiyarka tana ba da lita 13,000 a sa'a, wato sama da lita uku da rabi a kowace daƙiƙa, ba tare da ta gaza ba. Hekta biyar kuwa sai ka ninka sau biyar. Rijiyar da ke ba da lita ɗaya a daƙiƙa, wadda za ta wadatar da unguwa guda da ruwan sha har a riƙa sa wa mai ita albarka, abin da za ta iya shayarwa a gona bai fi rubu'in hekta da ɗan ɗori ba. A nan ƙasar Zazzau, inda ƙarƙashinmu dutse ne kuma ruwa a tsaguwar dutsen yake maƙalewa, burtsatse da yawa ba sa ma kai wannan, shi ya sa noman ranin Zariya ya jingina da Kogin Galma da Kubanni da fadamu. Yobe tana kan shimfiɗar yashi da laka ta kwarin Tafkin Chadi, wadda ta fi tamu ajiyar ruwa, amma wannan ba ya nufin kowane fili yana zaune a kan tafki. A Borno an haƙa rijiyoyi masu tunkuɗo ruwa da kansu tun wajen shekarun 1960, aka bar da yawansu suna kwarara dare da rana, ƙarfin tunkuɗowar kuma ya yi ta raguwa tun daga lokacin.

Saboda haka girman gonarka rijiya ce za ta faɗe shi, ba takardar fili ba. Idan an gama haƙa, kada ka yarda da ganin ruwa yana feshi a ranar da aka wanke rijiyar, domin wannan ba ya nuna komai. A kunna famfo ba tsayawa na aƙalla yini da kwana, ana zura ma'auni ana rubuta yadda ruwan ke sauka a cikin rijiyar, sannan a kashe a ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo inda yake. Yawan fitarsa kuwa ko kai da kanka za ka iya aunawa da jarka mai lita 25 da agogon wayarka: idan ta cika a daƙiƙa 25, lita ɗaya kake samu a daƙiƙa, kuma ka maimaita awon a ƙarshen gwajin, domin na ƙarshen shi ne gaskiya. Mafi dacewa a yi wannan a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da ruwan ƙasa ya kai matuƙar saukarsa.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi yawan ruwa haɗari a wurinku, shi ne gishiri. Kai ka fi ni sanin cewa a kwaruruwan da ke tsakanin tuddan rairayin yankinku, inda dabino ke tsirowa, a nan ne kuma ake ɗibar kanwa, kuma wannan shaida ce cewa ruwan da ke kusa da sama yana ɗauke da gishiri mai yawa. Ana auna shi da wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami wadda ake tsomawa a ruwa ta nuna abin da ake kira EC, wato ma'aunin yawan gishirin da ke narke a ciki. Idan ta nuna ƙasa da 0.7 ruwan ba shi da matsala, tsakanin 0.7 da 3 sai da dabara, sama da 3 kuwa shuke-shuke kaɗan ne za su jure. Wasu na'urorin suna rubuta 700 a maimakon 0.7, duk abu ɗaya ne. Harshe ba ya iya wannan aikin, domin ruwan da ya nuna 1 za ka sha ka ji shi garau, alhali kowace lita tana ɗauke da kimanin miligiram 640 na gishiri. Idan ka zuba wa hekta ɗaya milimita 600 na irin wannan ruwa a zangon noma guda, ka zuba mata kusan tan huɗu na gishiri ke nan, wato sama da buhu 70 masu kilo hamsin-hamsin. Ruwan zai tashi sama, gishirin kuwa yana nan. A Samaru, inda ake samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, damina tana wanke mana shi ba tare da mun sani ba, amma a inda ruwan shekara bai kai rabin haka ba, sai manomi ya yi wankin da kansa, ta hanyar ƙara ruwa lokaci-lokaci fiye da abin da shuka ke buƙata domin ya tura gishirin ƙasa da jijiya. Wannan ƙarin ma dole ya shiga lissafin rijiya.

Shuke-shuke ba ɗaya suke ba wajen juriya, kuma jadawalin da masana biyu na Amurka, Maas da Hoffman, suka fitar a 1977 har yanzu shi ake bi. Albasa tana fara rage amfani da zarar gishirin da ke cikin ƙasa ya wuce 1.2 a ma'aunin EC, barkono da tattasai 1.5, masara 1.7, tumatir 2.5, dabino 4, alkama kuwa sai ya kai 6. Ka ga ke nan albasa, wadda ita ce kowane sabon mai noman rani ke fara hange saboda kuɗinta, tana cikin mafiya rauni. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ɗigo: gishirin yana taruwa ne a bakin da'irar da ta jiƙe, inda za ka ga wani farin zobe a saman ƙasa, to idan yayyafin farkon damina ya sauka sai ya narkar da zoben ya tura shi cikin jijiya, shukar da ke tsaye lafiya jiya ta wayi gari a ƙone. Maganinsa shi ne a bar ɗigon yana aiki lokacin da ake wannan yayyafin, ko da kuwa maƙwabta za su ɗauka mai gonar ya zautu.

Rairayi kansa ba abokin gaba ba ne, matsalarsa ita ce ƙaramar ajiya. Zurfin mita ɗaya na rairayi yana riƙe wa shuka abin da bai fi milimita 60 zuwa 100 ba, ƙasa mai laka-laka kuwa tana riƙe ninki biyu na wannan. Kayan lambu masu gajeriyar jijiya a taƙi ɗaya da rabi na sama kawai suke sha, don haka ajiyar da suke da ita a rairayi ba ta wuce ta kwana ɗaya ko biyu ba, duk ruwan da ka ƙara a kan haka kuwa wucewa zai yi ƙasa ya tafi da takin zamanin da ka saya. Tsarin ban ruwa na mako-mako da manoman alkama suka saba da shi a Kadawa ta jihar Kano ba zai yi aiki a Yusufari ba, sai dai kaɗan-kaɗan kullum, a tsananin zafi ma sau biyu, safe da yamma. Hanya mafi sauƙi ta sanin ko ka yi daidai ita ce ka bar ɗigon ya yi sa'a ɗaya, sannan ka sa fartanya ka yanke ƙasar a ƙarƙashin ƙofar ɗigo ɗaya ka duba gefen ramin. A rairayi za ka ga danshin ya sauka siriri kamar karas, a laka kuwa ya bazu gefe. Idan danshin ya wuce inda jijiyoyi suka tsaya ka rage lokaci, idan kuma danshin ƙofa ɗaya bai haɗu da na ta kusa da ita ba, to tazarar ƙofofin ta yi yawa, kuma a rairayi bai kamata ta wuce santimita 20 zuwa 30 ba. Akwai na'urorin da ake binnewa su nuna danshi, har da wata da masana a Ostireliya suka ƙera wa ƙananan manoma mai nuna shuɗi idan ƙasa ta jiƙe, kore idan tana tsaka-tsaki, ja idan ta bushe, amma fartanya ta wadatar da kai a shekarar farko. Takin dabbobi da shimfiɗa karmami ko ƙaiƙayi a gindin shuka su ne ke ƙara wa rairayi riƙo, kuma ba na shekara ɗaya ba ne.

Inda ɗigo ke mutuwa a ƙasar nan kusan wuri ɗaya ne, wato toshewa. Ƙofofin ƙanana ne ƙwarai, yashin rijiya yana toshe su, gansakukar da ke tsirowa a buɗaɗɗen tanki tana toshe su, haka ma tsatsar da ke fita daga ruwa mai sinadarin ƙarfe da zarar ya sha iska. Dole a sa matata a bakin tanki a riƙa wanke ta, a riƙa buɗe ƙarshen kowane tiyo ana sakin ruwa ya fitar da datti, sannan lokaci-lokaci a ajiye kofi uku a ƙarƙashin ƙofar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe na minti goma a gwada abin da suka tara. Ɓeraye kuma suna huda tiyo don neman ruwa a bazara. Duk wannan aikin mutum ne mai kula, kai kuwa kana Zariya, tafiyar yini guda daga gonar, saboda haka wanda za ka ɗora a kan aikin ya fi samfurin tiyon da za ka saya muhimmanci.

Mu ma a gida muna da darussan da suka isa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922 kuma ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da tashar binciken ban ruwa a Kadawa, a cikin filin da madatsar Tiga ke shayarwa tun bayan kammala ta a 1974, kuma babbar matsalar da ake fama da ita a can ba ƙarancin ruwa ba ce, yawansa ne, domin inda aka cika ban ruwa magudanai kuma suka toshe, ruwan ƙasa yana tasowa ya kwanta, kanwa ta biyo baya. A ƙasan Kogin Hadeja kuwa, canjin da madatsun Tiga da Challawa suka kawo wa ambaliyar shekara-shekara ya taɓa fadamun Hadeja da Nguru, kachalla ta mamaye hanyoyin ruwa. Mafi kusa da tambayarka shi ne shirin noman rani na kudancin Tafkin Chadi da aka tsara a shekarun 1970 domin shayar da sama da hekta 60,000, aka gina magudanai da tashar famfuna, sai tafkin, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma a tsakiyar shekarun 1980, ya bar bakin magudanar a busasshiyar ƙasa. Injiniyoyin sun iya aikinsu, tushen ruwan ne aka ɗauka ba zai canza ba. Sola tana da irin wannan tarko a ɓoye, domin mai injin fetur tsadar mai tana tilasta masa kashewa, musamman tun bayan cire tallafi a 2023, amma mai sola ba abin da ke hana shi zuƙa daga safe har yamma. An kuma lura a ƙasashe da dama cewa manomin da ya koma ɗigo ba ya barin ruwan da ya rage a ƙasa, faɗaɗa gona yake yi da shi, jimillar abin da ake ɗiba ta ƙaru maimakon ta ragu.

Idan koyi kake nema, binciken da aka yi a Jamhuriyar Nijar ya fi na Negev kusa da halinka. A tashar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta yankunan da ke da ƙarancin ruwan sama, da ke Sadore, kusa da Yamai, Farfesa Dov Pasternak, wanda shi kansa daga Negev ya zo, ya rage ɗigon zuwa girman da ƙaramin manomi zai iya, inda tanki a kan ɗan tudu mai tsayin mita ɗaya ko fiye kaɗan ke tura ruwa da nauyinsa kawai zuwa lambu mai murabba'in mita ɗari biyar, ana haɗa kayan miya da itatuwa masu 'ya'ya. A jihar Tawa manoma sun farfaɗo da faƙo da ramukan tassa da rabin wata, waɗanda ke tare ruwan sama da taki a gindin shuka, a Maradi kuma tun shekarun 1980 ake barin kututturan gona su sake tohowa su zama itatuwa masu kare iska. Tassa da rabin wata na ƙasa mai tauri ne da ruwa ke gudu a kanta, ba za su amfane ka a tsantsar rairayi ba, amma shingen itatuwa zai amfane ka ƙwarai, domin iskar hunturu tana ƙara wa shuka ƙishirwa, tana kuma binne tiyo da dashe da yashi.

Da ni ne, zan fara da zagaya rijiyoyin da ke kewaye da filin in tambayi zurfinsu da yadda suke yi a bazara, in ɗebi ruwansu a kwalba mai tsabta da aka ɗauraye da ruwan rijiyar kansa, in haɗa da ƙasar filin daga sama da kuma daga zurfin kamu ɗaya, in kawo ɗakin gwajin ƙasa da ruwa a Samaru a duba gishiri da kanwa da ƙarfe. Sai sakamakon ya yi kyau za a kira mai haƙa, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa cikon kuɗinsa yana bayan gwajin zuƙo. Daga nan a kewaye rubu'in hekta a mafi ƙwarin filin saboda dabbobi, a dasa shinge ta gabas da arewa inda iskar ke fitowa, a yi dashen farko a watan Nuwamba domin amfanin ya nuna kafin zafin Maris, lokacin da shuka ta fi sha kuma furen tumatir ke zubewa. A sa mita a bakin famfo, yaron gona ya riƙa rubuta abin da aka zuba kullum da zurfin ruwan rijiya duk ranar Juma'a, domin da wannan littafin za ka yanke shawarar ko za a ƙara wani rubu'in a shekara mai zuwa, ko kuwa a bar sauran filin ga gero da wake na damina, a dasa dabino a kwarin.